Abin da ke Bayan Tayil

 A wannan makon banɗaki za mu shiga, muna roƙon a yi haƙuri a biyo mu har ciki.

Akwai wani zane da kusan duk wanda ya taɓa zaman gidan haya a Kano ko Kaduna ko Gusau ya sani. A jikin bangon ɗakin kwana yake fitowa, daga ƙasa-ƙasa, daidai inda bangon ya haɗa baya da banɗaki. Da fari fenti ne zai ɗan sauya launi, kamar an watsa shayi ya bushe. Bayan 'yan watanni sai ya kumbura ya yi ƙuraje, ka sa farce ya ɓare. Sai wani farin gari mai kama da kanwa ya soma fitowa, a share yau jibi ya dawo. Daga nan sai warin ruma, wanda masu ɗakin kan daina ji saboda sabo, amma baƙo yana sa ƙafa zai ji shi. Idan aka yi rashin sa'a durowar kaya ko kantar littattafai na jingine a wurin, ranar da aka janye ta za a tarar bayanta ya yi baƙi ya ruɓe.

Kowa da wanda yake ɗora wa laifi. Mai gida ya ce 'yan haya ne ba su san darajar gida ba, sun cika ɓarin ruwa. Ɗan haya ya ce fenti mai araha aka shafa. A kira mai fenti ya kankare ya sake shafawa, kafin shekara ta zagayo zanen ya dawo inda yake, har ya ƙara faɗi. Wasu su ce damina ce. Abu ɗaya da ba a cika zargi ba shi ne tayil ɗin banɗakin, domin idan ka leƙa za ka gan shi fes, yana ƙyalli, babu inda ya tsage. Mun ɗauka a ranmu cewa tunda an manna tayil daga ƙasa har sama to an gama da maganar ruwa. A nan ne matsalar take.

Fuskar tayil mai sheƙi gaskiya ba ta shan ruwa. Amma bayansa gasasshen yumɓu ne, ɗan uwan tulu da randa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu aiki ya ga mai tayil yana jiƙa tayil ɗin bango a cikin baho ko rabin duro kafin ya manna, har ka ji yana tsuwa yana fitar da kumfa. Yana yin haka ne don kada busasshen tayil ya zuƙe ruwan simintin da zai riƙe shi. A ma'aunin da masana'antu ke bi, tayil mai ƙarfi da ake kira fosilin ba ya shan ruwan da ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa, amma tayil ɗin bango na gama-gari yana iya shan fiye da kashi 10. Wannan ma ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne layukan da ke tsakanin tayil da tayil, waɗanda ake cusa wa farin siminti a goge da soso. Mu yi lissafi. Tayil mai santimita 25 da 40 guda 10 ne ke rufe murabba'in mita ɗaya, kowanne kuma yana kawo layi mai tsawon santimita 65. Ke nan mita 6 da rabi na layi a kowane murabba'in mita. Ƙaramin banɗaki mai bango murabba'in mita 12 yana ɗauke da kusan mita 80 na siririn layin siminti, wanda ruwa ke bi ta kansa safe da yamma. Siminti yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, yana kuma yin tsaga kamar silin gashi idan gini ya ɗan motsa. Ƙari a kan haka, ruwan wankin banɗaki mai asid da muke zubawa don tayil ya yi haske, cinye wannan simintin yake yi sannu a hankali.

To idan ruwan ya wuce layin, me zai tarar? A mafi yawan gidajenmu mai tayil kan ɗora dunƙulen siminti ne a bayan tayil, ya danna a bango ya bubbuga da ƙotar cokalinsa har ya daidaita. Gefe-gefe sai a bar rami. Ƙwanƙwasa tayil ɗin banɗakinku da ɗan makulli, inda kuka ji yana amsawa kamar ganga to bayansa fanko ne. Ruwa na taruwa a waɗannan ramuka ya kwana, ya bi filasta ya shiga bulo. Bulon yashi da siminti kuwa mai ƙishirwa ne, balle wanda aka ja buhu ɗaya ya fitar da fiye da ƙima, aka kuma ɗora shi a gini bai sha ban-ruwa ba. Yana jan ruwa yadda lagwani ke jan kananzir, sama da gefe duka. Ta ɓangaren banɗaki ruwan ba shi da hanyar bushewa tunda tayil ya rufe, sai ya nufi ɗaya fuskar inda iska take. A hanya yana narkar da gishirin da ke cikin siminti da yashi ya tafi da shi. Ruwan ya bi iska, gishirin ya tsaya a ƙarƙashin fenti ya daskare ya tura shi waje. Farin garin nan da muke sharewa ke nan.

Mu da muka tashi a gidajen cikin gari mun san ba haka abin yake a da ba. Makewayi yana can ƙuryar gida, nesa da ɗakunan kwana, sau da yawa ma babu rufi a kansa. Ka yi wanka da safe, kafin azahar rana ta busar da daɓen da bangon. Ruwan ya bi kwata ya fita waje. Idan bangon ya jiƙe, bangon makewayi ne kawai, babu gadon kowa a bayansa. A cikin 'yan shekarun nan muka ɗauko makewayin muka shigo da shi cikin ɗaki, muka rufe shi ruf, muka bar masa 'yar taga wadda ko kan yaro ba zai shiga ba. Yanzu ko gidan haya ne, idan ɗaki ba shi da banɗaki a ciki kuɗinsa faɗuwa yake, kuma iyayen amarya idan sun je ganin ɗaki shi suke fara leƙawa. Babu laifi a wannan, sutura ce da sauƙi, musamman ga mata da tsofaffi da marasa lafiya. Sai dai mun kwaso tsarin ba mu kwaso abin da ke tafiya da shi ba.

Kuma mu'amalarmu da ruwa ba irin ta waɗanda muka kwaikwaya ba ce. Bature na shiga kwamin wanka ko ɗan keɓaɓɓen wurin shawa ya ja labule ko gilashi, sauran banɗakin ya zauna a bushe, har da shimfiɗa a ƙasa. Mu kuwa bokiti ne da kofi, ana kwarawa ruwa na fallatsa ko'ina. Ga buta, ga tsarki, ga masu alwala a ciki sau biyar a rana, ga wankin kayan yara, ga wanke banɗakin kansa da ake yi da bokiti biyu ko uku har saman bango. A gidan da ke da mutum shida ko bakwai, daɓen banɗaki ba ya bushewa daga asuba zuwa bayan isha. Namu gaba ɗayansa wurin wanka ne, don haka buƙatarmu ta kare bango ta fi tasu.

Abin da ke ba mu mamaki shi ne kakanninmu sun san wannan ilimi sarai. Maginan ƙasar Hausa suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a jiƙa a yi daɓe ko shafe da ita don ya yi ƙarfi ya jure ruwa. Suna da laso, wanda ake haɗawa daga katsi, wato laka da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a busar a ƙona a daka, a gauraya da gashin jima da ruwan dafara. Da laso ake shafe saman soro da wuraren da ruwan sama ke duka, da shi kuma ake shafe cikin rijiyoyin rini. Duk wanda ya je marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga ramuka masu zurfi da ke riƙe ruwan baba makonni ba tare da ƙasa ta shanye shi ba. Magini na wancan zamani ya san ƙasa ba ta jure ruwa, saboda haka bai taɓa barin ta tsirara a inda ruwa ke zama ba, kuma yakan dawo lokaci-lokaci ya sabunta shafen. Da siminti ya zo sai muka ɗauka mun sami abin da ruwa ba ya ci, muka ajiye tsoron da ke sa a yi hattara.

Lokacin da makaranta ta tura mu sanin makamar aiki na wata huɗu, an haɗa mu da wani ɗan kwangila da ke gyaran gidaje. Cikin ayyukan da muka je har da wani bene da bai fi shekara uku da tarewa ba. Watan Maris ne, zafi ya kankama, rabon gari da ruwan sama wata biyar. Amma silin ɗin falon ƙasa yana ɗiga, a tsakar ɗaki an ajiye roba. A sama, ɗakin da ke maƙwabtaka da banɗaki na amarya ne, an janye durowar da iyayenta suka yi mata, katakon bayanta ya kumbura ya buɗe kamar littafin da ya faɗa ruwa, atamfofin da ke ciki duk sun yi ɗigo-ɗigon baƙi. Mai gidan ya riga ya kawo mai gyaran famfo sau biyu, an duba bututu an ce lafiya lau. Da aka sa kurfi aka ɓalle tayil na farko daga ƙasa, ruwa ne ya gangaro, baƙi mai wari, kyankyasai suka watse. Filastar da ke baya ta yi laushi, kana danna ta da yatsa tana nutsewa.

Mai gidan ya daɗe yana kallo, sannan ya juya wurin dattijon birkilan da ke cikinmu ya ce, "Baba, tayil ɗin nan fa mai tsada na saya, da kaina na je kasuwa na zaɓo."

Dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, tayil ba shi da laifi. Riga ce mai kyau, amma ba a sa wa bangon komai a ciki ba."

Sai da aka fasa banɗakin gaba ɗaya, bango da daɓe. Aka bar shi makonni yana shan iska, iyalin suna sauka ƙasa wanka. Da aka kankare ƙarƙashin dekin ta falo, an tarar rodi ya fara tsatsa. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ban tsoro a gidan sama. Ƙarfe idan ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya ninka girmansa sau biyu ko fiye, sai ya tsaga kankaren da ke lulluɓe da shi daga ciki, ɓaraguzai su fara faɗowa. An tari na wannan gidan da wuri. Tayil ɗin da aka fasa kuwa ko guda goma ba a tsira da su ba, sabo aka saya, aka sake biyan kuɗin aiki, aka sayi durowa.

Mun sha tambayar kanmu me ya sa aikin da bai kai ya kawo ba ake tsallake shi haka. Amsar da muka gano ita ce ba a ganinsa. Mai gida zai iya kai abokinsa banɗaki ya nuna masa tayil da kan shawa da madubi, amma ba zai iya nuna masa abin da ke bayan tayil ba. Mai tayil ana biyansa ne da yawan murabba'in mitar da ya manna, duk kwanan da zai zauna jiran wani shafe ya bushe asara ce a wurinsa. Mai ginin sayarwa ko na haya ya san kafin zanen ya fito an biya shi. Wanda zai kwana da warin, wanda yaronsa zai riƙa tari cikin dare, wanda takardun makarantarsa za su manne da juna a cikin akwati, ba ya wurin ranar da aka yanke shawarar. Maganar tari kuwa ba zato ba ne. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan danshi da ruma a cikin gidaje, inda ta danganta su da ƙaruwar cututtukan numfashi da tashin asma. A unguwanninmu da gida ke manne da gida, wani lokacin ma bangon banɗakinka shi ne bangon ɗakin maƙwabcinka, ka ga maganar ta koma ta haƙƙin maƙwabtaka.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. A wannan aikin ranar zanen 'yan kwanaki ne ƙalilan, tsakanin gama filasta da manna tayil na farko. Idan suka wuce sai dai guduma.

Ana farawa ne daga bututu. Kafin a rufe ramukan da mai famfo ya sassaƙa a bango, a toshe bakunan bututun a sakar musu ruwa daga tanki su kwana a cike, a bi kowace mahaɗa da busasshen hannu ko takarda. Babu shafen da zai yi maganin mahaɗar da ke tsiyaya a cikin bulo. Bayan nan a cike ramukan da kyau, a yi filasta mai ƙarfi, siminti awo ɗaya yashi uku ko huɗu, da yashin da aka tankaɗe ba mai laka ba. A ba ta ruwa kamar mako guda. Masu gini da hunturu su ƙara kula, busasshiyar iskar nan na zuƙe ruwan filasta kafin siminti ya gama kamawa, sai ka ga ta yi tsaga kamar bayan kunkuru. Daɓen kuma a karkatar da shi zuwa magudana tun daga ƙasa, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Mun sha ganin banɗakin da ruwa ke gudu daga magudana ya nufi ƙofa, ana bin sa da tsintsiya kullum.

Sai kusurwa, inda bango ya haɗu da daɓe. A nan ne tsaga ta fi fitowa, domin bango da daɓe ba tare suke motsi ba. Ba a barin ta da kaifi. Ana cike ta da siminti a zagaye ta da gindin kwalba ko guntun bututu ta yi lanƙwasa kamar cikin ƙwarya, don shafen ya bi ta kai ba tare da ya karye ba. Haka nan kewayen duk bututun da ya huda bango ko daɓe, da bakin magudana, da gindin masai.

Shafen kansa, masu shagon kayan gini suna kiransa wotafuruf. Wanda ya fi dacewa da ƙarƙashin tayil shi ne mai haɗin siminti, yakan zo kashi biyu, gari a buhu da farin ruwa mai kama da madara a jarka. Ana dama su bisa awon da aka rubuta a jiki, kuma a nan ne ake buƙatar mai gida ko wakilinsa ya tsaya, saboda jarabar ƙara ruwa don kayan su yi auki tana da ƙarfi. A share bangon tas, a ɗan yayyafa masa ruwa ya yi sanyi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, a shafa da buroshi ana dannawa. A kusurwoyi da kewayen bututu a kwantar da siririyar raga a cikin shafen tun yana ɗanye. Idan hannu na farko ya kama, a yi na biyu a gicciye, in na farko daga hagu zuwa dama aka ja shi, na biyu daga sama zuwa ƙasa, don duk ƙaramar kafar da buroshi ya tsallake a rufe ta. Kaurin duka biyun bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba. A ƙasashen da suka sa wannan a dokar gini, irin su Ostireliya, ana kai kariyar bangon wurin shawa tsayin mita 1.8. Tunda namu duka wurin shawa ne, ra'ayinmu a zagaye bango huɗun da wannan tsayin, a haɗa da daɓen gaba ɗaya har bakin ƙofa, ya zama kamar an zura baho guda a cikin ɗakin. Banɗaki mai faɗin mita 1.5 da tsawon mita 2, idan ka haɗa bango da daɓe ka cire ƙofa, bai kai murabba'in mita 15 ba. Mutum ɗaya zai shafe shi kafin azahar.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi gudu, alhali shi kaɗai ne ba ya cin ko kwabo. Bayan shafen ya bushe kwanakin da aka rubuta, a toshe magudana, a ɗan yi shinge a bakin ƙofa, a cika daɓen da ruwa kamar tsayin yatsu uku, a sa alama da alli a bar shi awa 24, wasu ma har 48. A dawo a duba alamar, a zagaya bayan kowane bango, in bene ne a sauka ƙasa a ɗaga kai. Idan akwai matsala yanzu za ta nuna kanta, lokacin da gyaranta buroshi ne da rabin bokiti. Sai an tsallake wannan sannan mai tayil ya shigo, kuma a roƙe shi ya yi amfani da gam ɗin tayil ya baza shi ya cika bayan, kada ya kafa ƙusa a bangon don ɗaure igiyar awo. Ƙusa ɗaya ta isa ta huda aikin kwana biyar. Wanda ba zai samu tsayawa ba, ko wanda ke aiko da kuɗin gini daga wani gari, ya nemi a ɗaukar masa hoton bangon da shafen a jiki da hoton ruwan a kwance.

Akwai gajerun hanyoyi da ake bi, ba dukansu ne banza ba. Garin nan ko ruwan da ake zubawa a cikin kwaɓin filasta yana rage mata shan ruwa, yana da amfani, amma idan filastar ta tsage tare suke tsagewa, don haka taimako ne ba madadi ba. Wasu na shafa kwalta. Kwalta na hana ruwa ƙwarai, shi ya sa ake sa ta a rufin dekin, sai dai siminti ba ya kama jikinta da kyau, tayil ɗin bango da aka ɗora a kanta yana iya saki. Wadda ta fi ba mu takaici ita ce dabarar da ta yaɗu a gidajen haya: idan zanen ya fito a ɗakin kwana sai a manna tayil a wannan ɓangaren ma, zuwa ƙugu. An toshe wa ruwan ƙofar fita ke nan ba a toshe ta shiga ba. Sai ya ƙara hawa, bayan shekara zanen ya bayyana a saman sabon tayil ɗin, ko ya zagaya ya fito a bangon da ke kusa.

Game da kuɗi, ba za mu ce kyauta ne ba, mun san yadda mai gini yake idan ya zo matakin tayil, aljihu ya riga ya huje, kowa na jiran ya tare. Amma idan dole sai an rage wani abu, gara a sauko daga tayil mai tsada zuwa matsakaici a sa bambancin a bayan bango. Kan shawa da madubi da famfo mai ƙyalli duk ana iya sauya su shekara mai zuwa da sukundireba.

Wani ɗan tsokaci ga 'yan uwa masu ƙirƙirarren labari. Mun karanta littattafai da yawa da idan jaruma ta shiga gidan attajiri za a tsaya a zayyana mana banɗaki, tayil har sama, kwamin wanka, turaruka jere a gaban madubi. Har yanzu muna jiran wanda zai zagaya da mu bayan bangon. Ga kishiyoyi biyu da banɗakin ɗaya ke jiƙa ɗakin ɗaya, kowacce na ganin da gangan ake yi. Ga ɗan haya da aka riƙe wa kuɗi a kan fentin da ba shi ya ɓata ba. Ga yaron da ya bi mai tayil shekara biyu yana dama siminti, ya san abin da ake binnewa a kowane gida na unguwar. Rigingimun da ke kai mutane gaban mai unguwa sau da yawa daga irin wannan suke tashi.

Mafi yawanmu dai ba gini muke yi ba tukuna, haya muke nema, ko muna zaune a ɗakin da aka riga aka gama. Idan za a je ganin ɗaki, bayan an leƙa banɗaki a fito a dafa bangon da ke bayansa da tafin hannu, daga ƙasa zuwa gwiwa. Sanyin da ya bambanta da na sauran bangon, ko sabon fenti a wuri ɗaya tak, ko tayil da aka manna a bango ɗaya cikin huɗu, duk suna da abin da suke faɗa. Akwai kuma danshin da ke tasowa daga ƙasa idan ba a shimfiɗa leda a kan harsashi ba. Shi wannan yakan bi bangaye da yawa, har waɗanda ba su kusa da ruwa, bai cika wuce mita ɗaya ba, yana ƙaruwa a Agusta ya ja baya da rani. Na banɗaki bango ɗaya yake riƙewa, kuma bai san rani ba. Idan akwai soket a jikin irin wannan bangon a kira mai lantarki ya kashe shi, musamman a ɗakin da yara ke rarrafe.

Wanda ya riga ya shiga, akwai abin da zai rage. A kankare tsohon farin simintin da ya zaizaye a cusa sabo, a zagaye kusurwoyi da gindin famfo da silikon, a rage wanki da ruwan asid, a bar taga da ƙofa a buɗe bayan wanka, a ja ruwan daɓe zuwa magudana kada ya kwana. Durowa da kantar littattafai a matsar da su daga bangon ko da faɗin tafin hannu ne, iska ta riƙa ratsawa. Kwalin takardun shaida da littattafan rubutun hannu kuwa a ɗauke su daga ƙasa gaba ɗaya, a mayar da su ɗaya ɓangaren ɗakin.